Yadda ake zaƙulo fumfunar da ke ɓoye cikin ganye a gwada ƙarfinta a kan bakteriya

Ranar da ka fara ganin farin zare, siriri kamar saƙar gizo-gizo, yana leƙowa daga gefen guntun ganyen maɗaci da ka ɗora a farantin gwaji mai abincin fumfuna kwana huɗu da suka wuce, ba za ka manta da ita ba. Ganyen lafiyarsa ƙalau aka tsinko shi, ba tabo, ba cin tsutsa. An wanke bayansa da sinadarai har babu mai rai da ya saura a kansa. Amma ga shi wani abu ya fito daga ciki. Wannan ita ce fumfunar cikin tsiro, wadda masana ke kira endofait. Dangi ɗaya suke da fumfunar da ke fito wa burodi ko tuwon da ya kwana biyu, sai dai ita a cikin naman ganye, ɓawo ko saiwa take zama, ba tare da ta sa wa mai masaukinta ciwo ba. Kauci kowa na ganinsa a kan reshe yana tsotsar bishiya. Wannan baƙuwa kuwa ido ba ya ganinta, kuma sau da yawa tana saka wa bishiyar da sinadaran da ke korar ƙwari da cututtuka.

Waɗannan sinadaran muke nema, kuma neman yana da tushe. Daga fumfuna Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan a 1928. Daga fumfunar da Giuseppe Brotzu ya ɗebo a bakin magudanar ƙazanta a tsibirin Sardiniya a 1945 aka samo dangin sefalosforin, wanda seftiriyazon da ake yi wa mutane allurarsa a asibitocinmu ya fito daga cikinsu. Na cikin tsiro kuwa sun ja hankalin duniya ne a 1993, lokacin da Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle na Montana a Amurka suka ba da rahoton cewa wata fumfuna da suka ciro daga ɓawon wata bishiya tana samar da taksol, maganin kansa. Daga baya wasu masu bincike sun sake bin sawun aikin, suka kasa tabbatar da shi. Ka riƙe wannan a ranka, domin shi ne jigon duk abin da zan faɗa.

Buƙatar kuma a ƙofar gidanmu take. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Duk wanda ya san yadda ake sayen kafso biyu a kemis a sha a bari, ko yadda ake zuba magani a ruwan kaji a gonakin da ke kewaye da Jos, ba zai yi mamaki ba.

Abin da ke damuna shi ne yawan ayyukan ɗalibai da ke ƙarewa da cewa "an gano magani", alhali babu abin da ke nuna fumfunar daga cikin ganyen ta fito, balle a ce ita ta kashe bakteriyar. Saboda haka a kowane mataki na wannan jagora akwai abin da nake kira farantin shaida. Shi ne farantin da ba ka sa ran ganin komai a kansa, kuma shi ne zai tsaya maka ranar da aka tambaye ka.

Tun farko a sani: aikin ɗakin gwaji ne, ƙarƙashin malami ko ƙwararren ma'aikaci. Za ka riƙa raino ƙwayoyin cuta na gaske da hannunka. Ba a yinsa a ɗakin kwana ko a kicin.

Wace bishiya, kuma daga ina

Kusan duk tsiron da aka bincika an same shi da irin waɗannan baƙi, don haka tambayar ita ce wanne ya cancanci wata uku na rayuwarka. Hanya mafi kusa ita ce ka bi sawun masu maganin gargajiya. Maɗaci, marke, ararrabi, tafashiya, gwandar daji, bagaruwa, dalbejiya: duk an daɗe ana amfani da su a kan gyambo, gudawa ko ciwon baki. Hanya ta biyu ita ce ka nemi tsiron da ke rayuwa a wuri mai wahala, kuma Filato ta wadata da irin wannan. Akwai bishiyoyin da suka kafe a tsagar dutse a tsaunukan Shere, akwai ciyayin bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Bukuru da Rayfield. Tsiron da ya jure irin wannan ƙasa, akwai dalilin a leƙa cikinsa.

Wani dattijo mai sayar da saiwoyi ya taɓa raka ni daji. Na miƙa hannu zan tsinki ganyen wani ɗan matashin marke da ke bakin hanya, sai ya riƙe ni.

"Malam, bar wannan. Yaro ne, kuma ƙurar mota yake sha. Mu ƙarasa wurin uwarsu."

"Baba, ai duk marke ne," na ce.

"Duk marke ne, amma ba duk ne suka ga shekaru ba."

Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da faranti ke nunawa: ganyen da ya manyanta ya fi sabon toho tara fumfuna, domin ta iska da ruwan sama take shiga a hankali. Haka kuma damina ta fi rani ba da yawa. Idan mai magani ya nuna maka tsiro, ka gaya masa gaskiyar abin da za ka yi da shi, ka biya shi wahalarsa, ka kuma ambaci gudummawarsa a rubutunka idan ya yarda.

Ka tsinko lafiyayyen ganye daga bishiya uku aƙalla, masu nisa da juna. Kowane a ledarsa mai tsabta, a cikin kula mai ƙanƙara, a rubuta rana da wurin da lambobin taswira daga wayarka. Ka fara aiki a kansa kafin awa 24. Idan ya kwana biyu a leda yana gumi, fumfunar waje ce za ta mamaye shi. Ka kuma yanko reshe guda mai fure ko 'ya'ya, ka danne shi a tsakanin jaridu, ka kai ma'ajiyar busassun tsirrai, kamar ta Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos, a tabbatar da sunansa na kimiyya a ba ka lamba. Sunan Hausa kaɗai bai isa ba. Kalgo, alal misali, suna ɗaya ne da ke kan tsirrai biyu, Piliostigma reticulatum da Piliostigma thonningii.

Abincin fumfuna

Abincin da aka fi raino fumfuna a kai shi ne PDA, kuma asalinsa romon dankalin turawa ne. Ana sayar da garinsa a gwangwani, amma mutumin da ke zaune kusa da Bokkos da Mangu, inda ake noman dankalin, ba shi da dalilin tsayar da aiki don gwangwani ya ƙare. Fere dankali giram 200, ka yanka ƙanana, ka tafasa a lita ɗaya na tataccen ruwa na minti 30. Tace da ƙyalle mai laushi ba tare da ka matse ba, don kada romon ya yi kauri. Zuba gulukos giram 20 da garin aga, mai daskarar da romon, giram 15 zuwa 20, ka cika ruwan ya koma lita ɗaya.

Sai dafawa a otokilef, tukunyar matsin tururi ta ɗakin gwaji mai kashe ƙwayoyin cuta, digiri 121 na minti 15. A nan akwai abin da littattafai ba sa faɗa wa mutumin Jos. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 96. Idan tukunyar matsin tururi ta girki kake amfani da ita, zafin cikinta ba zai kai 121 cif ba, zai tsaya a wajen 119. Ka ba ta minti 25, kuma ka fara ƙirga lokaci bayan ta fara huci sosai.

Kashi biyu za ka haɗa. Na farko da kuloramfenikol miligiram 100 a kowace lita, don hana bakteriyar cikin ganye rufe farantin. Shi yana jure zafi, ana iya zuba shi kafin dafawa. Idan istireftomaisin ne a hannunka, sai abincin ya huce zuwa digiri 45 ko 50 kafin a zuba. Kashi na biyu babu maganin komai a ciki. Ka sa musu alama mai launi daban a gindin faranti, ba a murfi ba, domin murfi na iya sauya gida. Ka bar faranti biyu daga kowane kashi a rufe na kwana biyu. Idan wani abu ya tsiro a kansu, dahuwar ba ta yi ba.

Wanke bayan ganye

Nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe. So ake a kashe duk abin da ke bayan ganyen, a bar na ciki da rai. Idan wankin ya yi sauƙi, ƙurar hanya za ka raina ka sa mata suna endofait. Idan ya yi tsanani, sinadarin zai ratsa ya kashe abin da ka zo nema.

Ka tanadi kofunan gilashi shida da aka dafa, a jere daga hagu zuwa dama, kusa da harshen wutar fitilar gas ko a cikin akwatin tsabtatacciyar iska idan ɗakinku na da shi. A rufe tagogi, a kashe fanka. Da hunturu ma sai an ninka kula, domin ƙurar da ke shigowa ɗauke take da irin fumfuna.

Da farko a wanke ganyen a ƙarƙashin famfo na kamar minti 10. Daga nan:

Kofi na ɗaya, itanol, wato sinadarin barasa, mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, minti 1. Idan mai kashi 96 gare ka, ɗebi mililita 73 ka cika da ruwa zuwa 100.

Kofi na biyu, ruwan bilic mai ƙarfin kashi 2, minti 3. Irin su Jik da Hypo sun isa. Duba jikin robar: idan an rubuta kashi 3.5, ɗebi mililita 57 ka cika zuwa 100. Sabuwar roba za ka buɗe, domin wadda ta daɗe a buɗe ko ta sha rana ƙarfinta ya ragu.

Kofi na uku, itanol kuma, daƙiƙa 30.

Sauran ukun dafaffen ruwa ne, a ɗauraye minti ɗaya-ɗaya a kowanne.

Waɗannan lokutan mafari ne kawai. Ganyen zogale mai laushi ba zai jure abin da ganyen mangwaro zai jure ba, ɓawo da saiwa kuwa sukan buƙaci minti 5 a bilic. Abin da ya fi shi ne ka sadaukar da makon farko: ka gwada minti 1, minti 3 da minti 5, ka zaɓi mafi gajarta da ya ba ka farantin shaida mai tsabta. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Farantan shaidar nan biyu ne. A na farko, ka ɗauki ganyen da ka gama wankewa da hantsaki, ka danna bayansa da cikinsa a kan abincin, ka ɗauke. A na biyu, ka ɗebi mililita 0.1 na ruwan ɗauraya na ƙarshe ka baza. Ka ajiye su tare da sauran har ƙarshe. Idan ko ɗigo ɗaya ya tsiro a kansu, duk abin da ya fito daga wannan zagayen ba abin dogaro ba ne. A zubar, a sake. Na san zafin wannan, musamman ga ɗalibin da kuɗin faranti daga aljihunsa ya fito. Amma sake aikin mako ɗaya ya fi gina wata uku a kan ƙura.

Bayan ganyen ya tsane a kan dafaffiyar takardar tacewa, ka ƙona aska a wuta, ka bari ta huce, ka yanke gefunan da bilic ya taɓa ka yar. Sauran ka yanka murabba'i, milimita 5 kowane gefe, wasu da jijiyar tsakiya wasu babu. Guda huɗu ko biyar a kowane faranti mai kuloramfenikol, a ɗan danna su su kama. A naɗe bakin farantin, a ajiye a digiri 25 zuwa 28. Yawancin shekara kabad mai tsabta ya wadatar, amma a Disamba da Janairu, da daren Jos kan sauka ƙasa da digiri 15, girman zai yi ta jan ƙafa idan ba a sa a na'urar ɗumi ba.

Jira da rarrabewa

Kullum da safe ka ɗaga faranti ka duba shi ta hasken taga, ba tare da ka buɗe ba. Daga kwana na uku za ka fara ganin zare. Ka lura daga ina ya fito. Wanda ya fito daga bakin yanka shi ne naka. Wanda ya tsiro shi kaɗai can gefe, nesa da ganye, daga iska ya faɗo.

Kada ka jira farantin ya cika. Da zarar zaren ya kai tsawon rabin farce, ka yanko ɗan ƙarshensa da allura ka mayar sabon faranti marar magani. Masu saurin girma, irin su Lasiodiplodia da Trichoderma, kan rufe faranti cikin kwana uku ko huɗu su danne kowa. Masu nawa, irin su Xylaria, sai sun yi mako biyu ko uku kafin su leƙo, kuma sau da yawa a cikinsu ake samun abin mamaki. Don haka idan mai sauri ya taso, ka kwashe sauran guntayen da ba su tsiro ba zuwa wani farantin, ka ci gaba da duba su har mako huɗu.

Ka yi ta mayarwa har kowane faranti ya zama kala ɗaya, siffa ɗaya. Ka ba kowace lamba, ka ɗauki hotonta sama da ƙasa, domin launin gindin faranti yakan bambanta biyun da suka yi kama ta sama. Ka rubuta guntaye nawa ka shuka, nawa suka tsiro. Idan 21 suka tsiro cikin 60, kashi 35 ke nan. Farantin da ya yi ƙura kore ko baƙa, kada ka shinshina shi, kada ka buɗe shi a fili.

Gwajin farko, da kuskuren da na taɓa yi

Mai yiwuwa yanzu kana da fumfuna 20 ko 30, kuma ba za ka iya tatsar sinadari daga dukkansu ba. Sai a tace su da gwaji mai arha.

Ka nemi bakteriyar da aka san asalinta, mai lambar shaida ta ATCC, wata ma'ajiyar ƙwayoyin halitta a Amurka: Staphylococcus aureus ATCC 25923, Escherichia coli ATCC 25922, da Pseudomonas aeruginosa ATCC 27853. Waɗanda aka samo daga majiyyata a bar su sai gaba, da izini, bayan hannunka ya faɗa. Ka ɗebi 'yan ɗigo daga farantin da ya kwana ɗaya, ka dama a ruwan gishiri mai kashi 0.85 har gurɓacewarsa ta yi daidai da ma'aunin McFarland 0.5, wato wajen ƙwaya miliyan 150 a kowace mililita. Ana gane daidaiton ne ta riƙe kwalaben biyu a gaban farar takarda mai baƙaƙen layuka. Cikin minti 15 ka shafa ruwan a farantin Mueller-Hinton, abincin rainon bakteriya, da tsinken auduga, sau uku, kana juya farantin. Kaurin abincin ya zama milimita 4. Idan ya fi haka da'irar za ta ƙanƙance, idan bai kai ba za ta yi faɗin ƙarya.

Daga fumfunar da ta yi kwana 10 zuwa 14, ka huda ƙwaya, wato ɗan zagayayyen yanki na abincin da fumfunar ke kai, mai faɗin milimita 6, ka ɗora a kan bakteriyar. Sa farantin a firij na 'yan awoyi don sinadarin ya ratsa kafin bakteriyar ta farka, sannan a mayar digiri 35 zuwa 37 na awa 18 zuwa 24. Abin da kake nema shi ne fili mai haske kewaye da ƙwayar, inda bakteriya ta kasa tsirowa. Shi muke kira da'irar hani. A auna faɗinta da rula ta gindin faranti.

Shekarun baya na yi wannan gwajin tare da wata ɗaliba. Da safe ta zo da sauri, faranti a hannu.

"Malam, duba! Dukkansu sun yi aiki, har a kan E. coli."

Da'irori ne manya, masu kyau, kusan girmansu ɗaya. Wannan daidaiton ne ya sa gabana ya faɗi, domin fumfuna goma sha biyu mabambanta ba za su ba da amsa iri ɗaya ba. Muka koma littafin aiki, muka ga cewa farantan da na miƙa mata don raino na kashin farko ne, masu kuloramfenikol. Maganin da muka zuba da hannunmu shi muke aunawa. Ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa, don ta riga ta kira gida ta faɗa. Laifin nawa ne, na kuma gaya mata haka. Muka sake, biyu kacal suka yi aiki, a kan Staphylococcus kaɗai, amma waɗannan biyun na gaskiya ne. Tun daga ranar, kowane faranti sai na ɗora masa ƙwayar abincin da ba a shuka komai a kai ba, daga kashin da aka yi rainon. Idan ita ma ta yi da'ira, an san inda matsalar take.

Kada ka karaya idan E. coli da Pseudomonas suka ƙi ji. Suna da ƙarin fata ta waje da ke tare sinadarai da yawa, shi ya sa samun abin da ke taɓa su ya fi wuya, ya kuma fi daraja.

Raino a kan shinkafa da tatsar sinadari

Zaɓi uku ko biyar da suka fi. Ana iya rainonsu a romon dankali marar aga, a kan na'urar girgiza, na mako biyu zuwa uku. Amma idan aka ɗauke wuta girgizar ta tsaya, yanayin rainon ya sauya ke nan. Shi ya sa na fi son shinkafa, wadda ba ruwanta da lantarki.

Shinkafa giram 100, ruwa mililita 100, a kwalbar gwaji mai faɗin gindi ta lita ɗaya. A toshe da auduga, a bari ta jiƙa ta kwana, a dafa a otokilef. Idan ta huce a jefa ƙwaya biyar na fumfunar, a ajiye wuri mai duhu na kwana 21 zuwa 30. Kwalba ɗaya a bar ta da shinkafa zalla, ta bi duk matakan da sauran za su bi. Ita ce shaidarka a nan.

Idan lokaci ya cika, a zuba etil asitet, ruwan sinadarin da zai tsamo abin da fumfunar ta samar, mililita 500, a farfasa dunƙulen da sandar gilashi, a bari ya kwana, a tace. A maimaita sau biyu. Sinadarin nan yana kama wuta nan take, don haka babu fitila a kusa, kuma a wuri mai fitar da iska. A busar da shi a na'urar busarwa mai juyawa a digiri 40. Idan ɗakinku ba shi da ita, a nema a sassan harhaɗa magunguna ko kimiyyar sinadarai. Jami'ar Jos ma tana da cibiya sukutum ta binciken magungunan tsirrai, ACEPRD, ga kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke aiki tun 1924. Abin da zai rage ɗan danƙo ne mai ruwan ƙasa a gindin kwalba. Ka auna kwalbar tun tana fanko, don ka san nauyinsa daidai. Wanda bai san nauyin abin da ya narkar ba, ba zai iya faɗin ƙarfinsa ba.

Auna ƙarfi

Narkar da danƙon a DMSO, wani ruwan sinadari mai narkar da irin wannan danƙo. A farantin da aka shafe da bakteriya kamar dā, a huda rijiyoyi masu faɗin milimita 6, a zuba adadi ɗaya a kowace. Rijiya ɗaya DMSO zalla, ɗaya abin da aka tatso daga shinkafa zalla, sannan a ɗora ƙwayar takarda mai ɗauke da jentamaisin, sanannen maganin bakteriya, maikurogiram 10. Ita jentamaisin aikinta biyu: tana ba ka abin kwatance, tana kuma gaya maka ko hannunka daidai yake. A kan E. coli ATCC 25922 ya kamata da'irarta ta faɗa tsakanin milimita 19 da 26, a kan S. aureus ATCC 25923 kuma tsakanin 19 da 27. Idan ta fita daga nan, duk awon ranar a ajiye shi gefe. Kowane gwaji sau uku, a ranaku daban-daban.

Faɗin da'ira ba shi ne ƙarfi ba. Sinadari mai ƙarfi da ba ya ratsa aga da kyau zai ba da ƙaramar da'ira, mai rauni da ke gudu ya ba da babba. Awon da masana ke girmamawa shi ne MIC, wato mafi ƙanƙantar adadin da ke hana bakteriya girma. Ana yinsa a faranti mai ramuka 96, da romon rainon bakteriya a kowane rami. A fara da maikurogiram 1,000 a mililita, a yi ta rabawa biyu: 500, 250, 125, har ƙasa. A sirka ruwan McFarland ɗin nan kashi 1 cikin 150, a zuba daidai da adadin da ke ramin, yadda kowace mililita za ta ƙare da ƙwaya wajen 500,000. DMSO kada ya wuce kashi 1 ko 2 a ramin, domin shi kansa idan ya yi yawa yana hana girma. A bar rami mai bakteriya ba magani, da rami mai romo zalla. Ga wannan gwajin, nau'in S. aureus da aka saba amfani da shi ATCC 29213 ne.

Danƙon yakan rina ruwan har a kasa gane gurɓacewa da ido. Maganin wannan shi ne rezazurin, wani shuɗin rini: bayan awa 18 zuwa 20 a ɗiga shi, a jira awa biyu zuwa huɗu. Inda bakteriya ke da rai shuɗin zai koma ruwan hoda. Ramin ƙarshe da ya tsaya shuɗi shi ne MIC. Daga ramukan shuɗin a ɗebo a shuka a sabon faranti, a ga ko kashewa ya yi ko tsayarwa kawai.

Ga ma'aunin da nake bi, wanda masana da yawa suka yarda da shi: ɗanyen danƙo da MIC ɗinsa ya gaza maikurogiram 100 a mililita ya cancanci a bi shi. Wanda sai ya haura 1,000 yake aiki, a rubuta shi yadda yake, kada a kira shi mai ƙarfi.

Guba, suna, da ajiya

Bilic ma yana kashe bakteriya, amma ba mai shan sa. Fumfuna da yawa na samar da abin da ke kashe bakteriya ya kuma cutar da mutum. Fatulin misali ne: a shekarun 1940 an gwada shi a Ingila a matsayin maganin mura, bai yi amfani ba, yau kuma a jerin gubar da ake sa wa ido a ruwan tuffa yake. Aflatoksin da ke lalata gyaɗa da masara yana taɓa hanta, daga Aspergillus flavus yake, kuma dangin Aspergillus da Fusarium na cikin waɗanda za su fi fito maka daga ganye. Saboda haka ba a lasa, ba a shafa wa gyambo, ba a ba kaza. Gwajin farko mai sauƙi shi ne na 'ya'yan jatan landen ruwan gishiri, Artemia salina: guda 10 a kowace kwalba, a ƙirga masu rai bayan awa 24. Manuniya ce kawai, gwajin ƙwayoyin halittar mutum da na dabbobi suna gaba, da izinin kwamitin ɗa'a.

Wajen suna, ka ɗauko zaren da ɗan salatif, ka ɗora a ɗigon shuɗin laktofenol, ka duba a madubin ƙara girma. Siffar iri za ta kai ka ga dangi, kamar Colletotrichum, Curvularia, Alternaria ko Nigrospora. Da yawa ba sa yin iri a faranti sam. Tabbaci sai an karanta sashen ITS na ƙwayar gadonta, wanda tun 2012 aka amince da shi a matsayin shaidar gane fumfuna, a kwatanta da abin da ke GenBank, rumbun bayanan ƙwayoyin gado. Idan kuɗi bai kai ba, a tura biyun da suka fi ƙarfi kawai, sauran a tsaya a sunan dangi. Rarrabe danƙon don gano ainihin sinadarin da ke aikin kuwa sai an haɗa hannu da masana sinadarai, kuma a shirya jin cewa abin da aka samu an riga an san shi.

Saura ajiya, wadda ya kamata a yi tun ranar da fumfunar ta tsarkaka. Yawan mayar da ita daga faranti zuwa faranti yakan sa ta daina samar da sinadarin, firij kuma ba abin dogaro ba ne inda wuta ke zuwa tana tafiya. Ka samo ƙananan kwalabe masu murfin murɗawa, ka cika rabinsu da tataccen ruwa, ka dafa. A kowace ka jefa ƙwaya biyar daga gefen fumfunar inda take sabon girma, ka murɗe murfin sosai, ka naɗe bakinsa. A haka yawancinsu kan yi shekaru a cikin kabad. Ka rubuta lamba da rana da fensir a takarda ka manna, domin itanol na goge tawada. Kwalba uku ga kowace fumfuna: ɗaya a hannunka, ɗaya wurin malaminka, ɗaya a wani ginin daban. Bayan wata shida ka buɗe guda, ka shuka, ka sake gwajin ƙwaya a kan Staphylococcus, ka ga ko da'irar tana nan.